Geron Kakan Cha'ibu

Duk wanda ya saba bin hanyar kasuwar Matameye da hantsi ya san Cha'ibu, ko da bai san sunansa ba. Shi ne tsohon nan mai dogayen hannaye da ke zama a bakin shagona, yana tufkar igiya ko yana kallon titi kawai. Ni ne Manu tela, maƙwabcinsa, katanga ɗaya ta raba gidajenmu. Na girme shi, amma shi ya riga ni tsufa. In ka gaishe shi zai amsa. In ka ba shi labari, na daɗi ne ko na baƙin ciki, sai ya ce maka, "To." Yaran yanzu sun ɗauka haka Allah ya yi shi. Ni kuwa ni na ɗinka masa rigar wasa, na san lokacin da ake jiyo dariyarsa tun daga filin kwaleji har cikin shagon nan.

Ƙwallon kwando wani malamin kwaleji ne ya kawo mana ita. Ya sa aka zuba siminti a bayan azuzuwa, maƙeri ya lanƙwasa ƙarafa biyu aka kafa. Da farko dariya muka yi ta yi, ƙartin maza suna cafe ƙwallo da hannu kamar ƴan mata masu carafke. Kafin a jima mu masu dariyar mu ne a sahun gaba wajen kallo. Cha'ibu bai yi nisa a lakwal ba, wato makarantar boko. Manomi ne, da rani kuma ya tafi Kano ya tura kurar ruwa, ya dawo kafin ruwan farko. Ba shi ne ya fi kowa tsawo ba, ba shi ne mai yawan jefawa a kwando ba. Aikinsa ya ƙwato ƙwallo daga hannun abokin gaba ya miƙa wa wanda zai ci. Mai jefawa ake yi wa tafi, shi kuma ko a jikinsa, yana can yana dariya yana komawa baya da gudu.

Da wasan ya yi ƙarfi sai Alhaji Sallau mai kamiyo, babbar motar kaya, ya ɗauki nauyin ƙungiyar garin, ya raɗa mata suna Shamuwa. Ni na ɗinka rigunan, baƙaƙe masu farin gaba. Alhaji mutum ne mai son a ce nasa ya fi na kowa, ko a carbi ne.

Sai shekarar nan ta zo, wadda damina ta ƙi. Gero ya bushe a tsaye ko zangarniya bai fitar ba. Soja ke mulki, ba a magana da ƙarfi a mahaɗa, kuma Najeriya ta rufe iyakarta. Mazan da suka saba tafiya ci-rani suka riƙa zuwa bakin iyaka a Ɗan Barto suna dawowa da ƙullinsu a ka. Cha'ibu ma ya je ya dawo. Kuɗi ya zama takarda, don haka Alhazai masu ƙungiyoyi suka koma biyan ƴan wasa da hatsi. Nan da nan aka shiga rige-rige, wannan ya yi wa ɗan wasan wancan tayin buhu, wancan ya ƙara rabin buhu ya ƙwace na wani, alhali ga mutane suna tonon gidan tururuwa suna neman tsaba.

Wani kapiten na soja da ke shugabantar kwamitin wasanni a Damagaram ya ga abin ya yi muni, ya kafa doka. Kowace ƙungiya aka yanka mata iyakar hatsin da za ta raba wa ƴan wasanta gaba ɗaya a wata. Ko Alhajinta na da sito goma, ba zai ƙara ko tiya ɗaya ba. In kuma kana son ɗan wasan wata ƙungiya, sai ka ba su naka waɗanda rabonsu, in an haɗa, ya kai na wanda ka ɗauka. A baki dai doka ce mai kyau, an yi ta don kada mai hali ya cinye mara hali. Amma ni tela ne, na san doka kamar yadi take, mai riƙe da almakashi shi ke fitar da rigar da yake so.

Rabon Cha'ibu ba wani abin a zo a gani ba ne, amma shi ya riƙe baki huɗu: shi, da matarsa Habsatu, da ƴarsu Shekara, da mahaifiyarsa Inna A'i. A haɗa da dusa da ganyen tafasa, a ci sau ɗaya a wuni, a gode wa Allah. Abu ɗaya ne ba a taɓawa a gidan. A ɗakin Inna, can saman azara, akwai damin gero naɗe cikin tsohon zane. Iri ne, ragowar shekarar da ta gabata. Ba irin geron kowa ba ne, kakan Cha'ibu ya zo da shi garin, mai gajeriyar zangarniya da gashi zaƙo-zaƙo wanda tsuntsu ba ya iya sauka a kai, ga saurin nuna. Gidan ba su taɓa sayar da shi ba, ba su taɓa ba da aronsa ba. Shekara ta sha yin kukan yunwa a ƙarƙashin damin nan, Inna ta goya ta ta fita da ita tsakar gida.

Ƙungiyar Gauraka ta Damagaram tana da wani ɗan wasa, Lawwali, wanda sai ya sunkuya yake shiga kowane zaure. Sau ɗaya ya zo Matameye ya yi mana kaca-kaca a gaban matanmu da ƴaƴanmu. Tun daga ranar Alhaji Sallau bai sake samun sukuni ba, ya rantse sai Lawwali ya sa rigar Shamuwa. Rabon Lawwali kuwa na mutum uku ne.

Wata rana da la'asar Cha'ibu ya faɗo shagona yana haki, baki har kunne.

"Yaya Manu, an sayar da ni!"

"Madalla," na ce. "A kuɗin akuya ko na tunkiya?"

"Kai dai ba ka da dama. Damagaram za ni. Ni da Sule da Ɗanjuma, mu uku aka ba da a kan Lawwali. Gauraka fa! Alhaji ya ce su da kansu suka faɗi sunana."

Na taya shi murna, kuma har zuciyata. Wa ya ƙi ɗan unguwarsu ya ci gaba? Washegari yaron Alhaji ya kawo mini rigar Cha'ibu, wai yadi ya yi wuya, in ƙara mata tsawo da faɗi ta shiga Lawwali. Na farke ta Sule na yi ƙarin da ita.

Ana gobe tafiya na jiyo ƙarar turmi daga gidansu. A shekarar nan in ka ji sussuka sai ka tsaya, don an daɗe ba a ji ba. Na leƙa, ni ɗan gida ne. Zanen yana yashe a ƙasa, damin yana kwance, Inna ce da kanta riƙe da taɓarya. Habsatu na tsaye ta riƙe haɓa.

"Inna, irin ne fa," in ji Habsatu.

"Na san iri ne, ni na rataye shi. Yaron nan ba zai shiga zauren sabon ubangida hannu rabbana ba. A ce daga wane gida ya fito?"

Na sa baki. "Inna, ko goro a samo ya kai mana."

"Goro a ina, Manu, iyaka a rufe? Kuma bana wa ke gaisuwa da goro? Hatsi ne abin girma. Mai cin rabon Damagaram iri ba zai gagare shi ba, kafin ruwa ya sauka ya sayo mana wani."

"Ba irin wannan ba, Inna."

Ta ci gaba da sussukarta. Habsatu ta roƙa a rage ko cikin tafin hannu, Inna ta ce kyautar da aka tsakura ana ganewa. Ta sheƙe, ta bakace, ta zuba tsabar a wani ɗan buhu da ta wanke tas, gutsattsarin kuma ta daka masa gumba ta guzuri. Cha'ibu na zaune bakin ƙofa yana kallo. Bai hana ba. A wurinmu haka ake yi, kuma a ranar ko ni da nake ta surutu sai da na ji gidan ya burge ni.

Abin da ya faru a Damagaram sau ɗaya Cha'ibu ya taɓa ba ni labarinsa, saura daga bakin Sule na ji. Kamiyon Alhaji Sallau ce ta kai su da safe, ita ce kuma za ta ɗauko Lawwali. Aka kai su zauren Alhaji Ummaru, mai ƙungiyar Gauraka. Suka tuɓe takalma suka durƙusa. Kowa ya san tsarin, gaisuwa ce farko, magana daga baya. Cha'ibu ya tura ɗan buhunsa gaba.

"Ranka ya daɗe, ga gaisuwa in ji tsohuwata."

Alhaji Ummaru ya kwance bakin buhun ya tsoma hannu, ya ɗebo ya duba a haske.

"Kai! Gero irin wannan a bana? Allah ya yi albarka. A gaishe da tsohuwa da kyau."

Ya sa aka jingine buhun a bango, ya ce zai shiga ciki, Mushe Idi zai yi musu bayani. Mushe Idi shi ne sakataren ƙungiyar, ɗan boko ne, shi ya sa ake ce masa Mushe, malam ke nan da Faransanci. Sule ya ce mutumin ya daɗe yana goge tabarau kafin ya buɗe baki.

"Wato ba wanda ya gaya muku?"

"Gaya mana me, Mushe?"

"Sitonmu ya yi ƙasa, shi ya sa Alhaji ya ba da Lawwali, ya huta da rabon mutum uku. Doka ta ce sai an karɓi waɗanda rabonsu ya kai nasa, to an karɓa. Ba ta ce sai an riƙe su ba. An sallame ku tun jiya."

Sule ya miƙe yana faɗa, Ɗanjuma ya riƙe shi. Cha'ibu ya ce a hankali, "To sai mu koma Shamuwa ke nan."

"Ba dama," in ji Mushe Idi. "Wanda aka ba da ba ya komawa inda ya fito sai shekarar wasa ta ƙare. An sa haka ne don kada a yi wa dokar wayo."

Don kada a yi wa dokar wayo! Har yau in na tuna maganar nan sai in ji kamar in jefar da almakashi. Su uku cikon benci aka yi da su, sunayensu kawai ake bukata, ko ba su hau mota ba cinikin ya riga ya faɗa.

Buhun yana nan jingine, in Cha'ibu ya miƙa dogon hannun nan nasa zai taɓa shi. Babu kowa a zauren sai su da Mushe Idi, wanda ya kau da kai yana kallon waje, kamar da gangan. Sule ya mintsine shi ya raɗa masa, "Ɗauki abinka mu tafi." Cha'ibu ya dubi buhun. Ya ce, "An riga an sa albarka." Ya miƙe ya sa takalmansa. Na sha yi masa faɗa a kan wannan, in ce da ni ne da na sungume abina kowa ya ce abin da zai ce. Cika baki ne kawai. Ɗan wane gida ne zai yi gaisuwa da sunan uwarsa, a karɓa, a sa albarka, sannan ya yi amai ya lashe?

A kamiyon da ta kai su suka dawo, Lawwali a gaba kusa da direba, su a baya kan kaya. Shi Lawwali ba ruwansa, har ruwa ya miƙo musu ta taga a hanya, bai ma san abin da ake ciki ba. A tashar Matameye gari ya fito da kalangu da guɗa ana tarbar baƙo. Ina wurin. Kowa ya yi gaban mota, ni kaɗai na ga mutum uku suna durowa ta baya. Cha'ibu yana riƙe da ƙullin gumbarsa, ko kwance shi bai yi ba.

Da ya shiga gida Inna ta dubi hannunsa, ta dubi fuskarsa. Ta ce, "Ka ci abinci?" Ya miƙa mata ƙullin. Aka dama wa Shekara. Ba ta tambaye shi komai ba, a ranar ko bayanta, shi ma bai faɗa ba, Habsatu ce ta jiyo labarin a bakin rijiya. Inna ta ɗauki zanen da aka kwance ta mayar da shi kan azara, haka nan babu komai a ciki.

Alhaji Sallau ya rantse da abin da zai kashe shi bai san za a sallame su ba. Wataƙila gaskiya ne, wataƙila bai tambaya ba don ba ya son ya sani. Ya aika wa kowannensu ƴar jar dawar taimako sau ɗaya, ya ce in ya ƙara kwamiti zai ce yana biyan ƴan wasa ta bayan fage. Wasa ya ci gaba. Lawwali ya yi abin da aka kawo shi ya yi, Shamuwa ta lallasa kowa, har kofi ta ɗauko. Cha'ibu kan je kallo, ya tsaya can baya kusa da itacen bedi. In an ci ya tafa, kamar kowa. Na taɓa nuna masa ɗinkin da na yi a gefen rigar Lawwali, na ce, "Taka ce fa." Ya ce, "To." Ranar na fara jin wannan "to" ɗin a bakinsa.

Sai Allah ya kawo damina, mai kyau kuwa, kamar ba ita ce ta ƙi bara ba. Shamuwar gaske ta sauka a kan tsamiyar masallaci. Duk wanda ya ɓoye ko ɗan yaya ne ya fito da shi, gari ya watse zuwa gona. Iri ya yi tsadar da ko a mafarki Cha'ibu ba zai saya ba. Ya shuka ragowar jar dawar taimakon nan. Ta tsiro, ta yi kara har ta fi shi tsawo, ba ta yi kai ba, ba ta ƙasarmu ba ce. Ya koma ƙwadago a gonakin mutane, a biya shi da abin da za a dafa a ranar. Habsatu ta ɗauki Shekara suka tafi wurin iyayenta a Yauri, nan kusa da mu, kafin kaka, don a rage baki.

Inna ta fara cewa ta ƙoshi. In ya kawo abinci ta taɓa kaɗan ta tura masa, ta ce mai noma shi ke bukata. Matata ta yi ta kai mata kunu tana dawowa da shi. Ba ta yi wata jinya ba. Geron mutane ya fara fitar da kai lokacin da Cha'ibu ya ƙwanƙwasa mini ƙofa bayan sallar asuba, ya ce, "Yaya Manu, Inna ta rasu. Akwai farin yadi?" Idonsa a bushe. Ni ma ban yi kuka ba, na auna na yanka na ɗinka. A shekarun nan mun binne mutane da yawa, har abin ya daina shiga jiki. Haushi ne kawai ya rage mini, shi kuwa ko haushin ban ga alama ba.

Bayan kaka hatsi ya wadata, aka koma biya da kuɗi, dokar ta mutu ba wanda ya yi mata zaman makoki. Kapiten ma aka canza masa wurin aiki. Lawwali ya wuce Yamai. Alhaji Sallau ya aiko Cha'ibu ya dawo wasa, Cha'ibu ya ce wa ɗan aiken, "To," bai je ba. Habsatu ta dawo, suka ƙara haihuwa, aka buɗe iyaka, ya koma tura kurarsa a Kano da rani. Ya riƙa shuka irin geron da kowa ke shukawa.

An yi ƴan shekaru, wata ranar kasuwa gab da damina, muna tafe tare zan sayi zare, sai na ga ya tsaya cak. Wani ɗan kasuwa daga Damagaram ya baza zangarkun iri a kan tabarma, mutane sun kewaye shi. Gajeru ne, masu gashi zaƙo-zaƙo. Cha'ibu ya durƙusa ya ɗauki ɗaya, ya shafa gashin da babban yatsansa.

"Malam, ka iya zaɓe," in ji mai kayan. "Wannan shi ne Ɗan Ummaru. Tsuntsu ba ya taɓa shi, ga saurin nuna. Daga gonar Alhaji Ummaru ya fito, an ce daga Makka ya zo da shi."

Jinina ya hau. Na buɗe baki zan gaya masa wace Makka ce, katanga ɗaya ce tsakanina da ita. Cha'ibu ya dafa mini ƙafa ba tare da ya ɗago ba.

"Nawa ne damin?"

Mutumin ya faɗa. Cha'ibu bai nemi ragi ba, ya kwance bakin aljihu ya biya da kuɗin Kanonsa. Mai kayan ya bi shi da bayani, kada ya shuka da zurfi, kada ya cika shi a rami ɗaya, don sabon iri ne, mutanen nan ba su san halinsa ba tukuna. Cha'ibu ya saurara har ƙarshe. Ya ce, "To."

Ya kai shi ɗakin Inna, ya sauko da zanen nan ya kaɗe, ya naɗe damin ya rataye. Tun daga shekarar shi yake shukawa, kuma yana yi masa kyau. Bara ina zaune a zaurensu ana sussuka, jikansa ya ɗauko zangarniya ɗaya yana wasa da gashinta, ya ce, "Kaka, wannan geron yaya sunansa?"

Na ajiye kofin shayina ina jira.

Cha'ibu ya ce, "Ɗan Ummaru."